Shekarar da Kawu Ya So Mai da Hayaƙi Gazuwal

Kawuna, ƙanen mahaifiyarmu, yana da injin niƙa a Belbeji, bayan rumfunan masu hatsi. Da aka tura ni garin koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, gidansa na sauka, ya ba ni shagon da ke jikin zaure. Gidanmu yana Tanut, can Inna take, ni kuwa sai hutu nake leƙa ta. Don haka yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, sauran kuwa daga bakin waɗanda suka gani na ji.

Kawu gajere ne mai faɗin kafaɗa. Yana saurayi ya yi karen mota a hanyar Agadas, daga nan ya zauna wani gareji a Damagaram ya koyi gyaran inji. Bai yi boko ba, allon ma bai yi nisa ba. Ba ya yar da komai. Bayan ɗakin injin akwai tulin tarkace, guntayen tiyo, tsofaffin tayoyi, gwangwanaye, wayoyi, kuma duk ranar da matarsa, wadda muke kira Iya, ta yi maganar kwashe su, sai ya ce kowanne yana da ranarsa.

Injin tsoho ne mai shan gazuwal, wato man dizal, sai an murɗa shi da hannu yake tashi. Ɗakin na laka ne da rufin kwano, ƙofa ɗaya, ƴar taga ɗaya. Bututun hayaƙin ya fita ta wani rami a bango, duk da haka bangon ciki ya yi baƙi ƙirin. Mata kan jera kwanoninsu da ƙoransu a bakin ƙofa su tafi harkokinsu, su dawo su tarar da gari, kuma Kawu bai taɓa haɗa hatsin wata da na wata ba. Ranar kasuwa har Fulani da Buzaye daga daji suke kawo niƙa.

Ƙanwata ita ce autar Inna. Tun tana ƙarama kanta yana ja, ta gama a Tanut, ta wuce Damagaram, ta wuce jami'a a Yamai, daga can aka ba ta gurbin karatu a ƙasar waje, ta gama kuma suka riƙe ta aiki. Ilimin haɗa sinadarai ta karanta. A gida kuwa cewa ake yi tana aikin magani, domin Inna ta taɓa ganin hotonta da farar riga, ba kuma wanda ya tsaya tambaya.

Shekarar da ta zo gida, gazuwal ya yi wuya a yankinmu. Masu sayarwa a butali, wato kwalba, a bakin hanya yau akwai gobe babu. Kawu yakan rufe injin ya zauna bakin ƙofa yana kallon mata suna wucewa da hatsinsu, sun koma turmi. Bayan an gama girbi ne ƙanwata ta iso Tanut, ta huta, sannan ta shigo motar kasuwa ta zo Belbeji gaishe shi.

Bayan la'asar muna zaune ƙarƙashin rumfar tsakar gida, ina dafa shayi, Kawu ya dube ta ya ce, "To ɗiyata, wai me kike yi a can? Uwarki ta ce magani."

Ta ce, "Ba magani ba ne, Kawu. Hayaƙi muke kamawa."

Iya tana tankaɗe a gefe, ta kwashe da dariya. "Hayaƙi? Ai da kin zauna nan, madafina kaɗai ya ishe ki."

Ƙanwata ta yi dariya ita ma, sannan ta roƙi Iya ɗan guntun kanwa da ruwan tsamiya. Ta daka kanwar, ta zuba a wani dogon kofi, ta tsiyaya ruwan tsamiyar a kai. Abin ya taso da kumfa yana shuu. Ta ƙyasta ashana ta zura cikin bakin kofin, wutar ta mutu nan take, ba tare da ta taɓa ruwan ba.

Ta ce, "Wannan iskar da ta kashe wutar, ita muke kamawa. Gaz karbonik ake ce mata. Duk abin da ya ƙone, itace ko gawayi ko gazuwal, ita yake bari. Ba ta da launi, ba ta da wari. Baƙin da kake gani a hayaƙi, ƙunar mai ce kawai. Ita kuwa tana hawa sama ta taru, ta riƙe zafin rana kamar an lulluɓa wa duniya bargo."

Kawu bai kula da zancen bargo ba. Ya karɓi ashanar ya gwada da kansa, wutar ta mutu, ya sake gwadawa. Ya ce, "Zafi kam mun gani. To in kun kama ta sai ku yi me da ita?"

"Wasu suna binne ta can ƙarƙashin ƙasa. Mu kuwa so muke mu mai da ita mai."

Kawu ya ajiye finjalin shayinsa.

Ta yi masa bayani a hankali. Ana tare iskar a bakin bututun manyan masana'antu kafin ta fita. Sai a samo wata iska ta biyu daga ruwa, a raba ruwan da kuran, wato wutar lantarki. A haɗa iskokin nan biyu a cikin tukunyar ƙarfe mai zafi, a matse su sosai, su bi ta kan wani garin ƙarfe da ke sa su kama juna. Abin da ke ɗigowa wani ruwa ne mai kamawa da wuta, kuma daga shi ana iya yin man mota, ko roba, ko fenti. Ita aikinta a kan garin ƙarfen nan yake, neman wanda zai fi sauri kuma ya daɗe bai lalace ba.

Kawu ya ce, "Wato man da ya ƙone yana dawowa."

"Yana dawowa, amma ba a banza ba. Ƙarfin da za ka kashe wurin dawo da shi ya fi wanda zai ba ka. Shi ya sa sai da kuran na rana, wanda ba ya hayaƙi. In ba haka ba an yi gudun gara an faɗa gidan zago."

"Kina samu da yawa?"

"A ɗakin gwajinmu, in na daɗe ina aiki, abin da ke fitowa ba ya cika finjalin nan."

"Amma yana kamawa da wuta?"

"Yana kamawa."

Kawu ya ce, "To shi ke nan."

Ta kwana biyu ta koma Tanut, daga can ta koma bakin aikinta. Ba a yi sati ba na dawo daga lakwal na tarar Kawu ya jawo wani tano, wato duro, daga cikin tarkacensa, ya girke shi bayan ɗakin injin, ya cika shi da ruwa. Ya ɗaura tiyon ƙarfe a bakin bututun hayaƙin, ya nutsa ɗayan bakin cikin ruwan. Ranar da ya sami gazuwal ya tada injin, ruwan ya yi ta ɓulɓul har yamma. Da aka tashi, wani baƙin maiƙo ya taso a saman ruwan. Kawu ya yaɗe shi da cokali, ya jiƙa tsumma, ya sa ashana. Tsumman ya kama, da hayaƙi mai yawa, amma ya kama. Ya kira maƙwabtansa na kasuwa, mai faci da tela, suka gani, suka yi ta salati.

Wayar Kawu ƙarama ce, ba ta aika murya, don haka tawa ta zama hanyar maganarsu. Ya riƙe ta da hannu biyu kamar mai addu'a, ya yi sallama, ya gaishe ta, ya tambayi aiki da sanyin ƙasarsu, sannan ya ba ta labarin tsumman. Na ɗauki hoton tanon na haɗa. Amsarta ta zo washegari. Da farko dariya take har maganar ba ta fita, sannan ta nutsu ta ce abin da ya yaɗa ba sabon mai ba ne, gazuwal ne da bai gama ƙonewa ba, da baƙin man injin da ke yoyo ta ciki. Iskar da suka yi magana a kanta ta bi ta cikin ruwan ta yi tafiyarta.

Kawu ya saurara har ƙarshe. Ya ce mini, "Ta ce ba shi ba ne. Ban ce ta yi ƙarya ba. Amma ita ma ai da kaɗan ta fara."

Daga nan saƙonni suka yi ta kai da komo. Na lura muryar ƙanwata ta sake. Ni in ta kira ni, gaisuwa ce da tambayar lafiyar Inna, sai mu yi sallama. Da Kawu kuwa sai ta yi dogon bayani, ta koma baya ta gyara, ta nemi kalmar da za ta dace. Wata rana ta ce mini tun da ta fara aikin nan ba wanda ya taɓa tambayarta komai a kansa da Hausa, sai shi. Ta ce wani lokaci in tana neman yadda za ta faɗa masa abu, sai ta ga ita ma ta ƙara fahimtarsa.

Ita ce ta gaya masa yadda zai ga iska ta biyu da idonsa. Ta ce ya sami batirin mota, waya biyu, cokula biyu marasa tsatsa, da roba cike da ruwan kanwa. Ta ja kunnensa kada ya sa gishiri. Kawu ya ari cokulan Iya ba tare da ya gaya mata ba. Da ya haɗa wayoyin, ƙananan kumfa suka fara tasowa daga jikin cokulan. Ya kifa ƴar kwalbar magani a kan ɗaya har ta cika, ya ɗago ta a kife, ya kai mata ashana. Ta yi fau! Tela ya ja da baya har ya taka kwanon wata mata. Kawu ya zauna a ƙasa yana dariya, hawaye na zubo masa. Ban taɓa ganinsa haka ba.

Da muka aika mata, ta ce, "Wannan kam ita ce ta gaske, Kawu."

Sai ya ce to yanzu yana da iska biyu, ta hayaƙi da ta ruwa, saura haɗawa. Nan ta tsaya masa. Ta ce haɗawar tana son zafi da matsi irin wanda ba tano ko tukunyar da za ta iya ɗauka, da garin ƙarfen da ba a samunsa a kasuwa. Ta ce ko su da ke da kayan, abin yana ba su wuya. Sannan ta yi wata magana, muryarta ba wasa a ciki. Ta ce, "Kawu, don Allah ka ji wannan. Kada ka tare wa injin numfashi, kada kuma ka bar hayaƙinsa ya tsaya cikin ɗaki. Akwai wata iska a ciki, ita ma ba ta da wari, tana kashe mutum yana zaune. Za ka ji kamar barci ne." Na sa masa saƙon, na maimaita masa. Iya tana wurin, ta ji. Kawu ya gyaɗa kai ya ce, "Na ji, ɗiyata," kamar tana gabansa.

Tun daga ranar Iya ta juya wa abin baya. Ba ta yi faɗa ba, ba halinta ba ne. Ta dai karɓe cokulanta, kuma duk sa'ad da ya fara zancen hayaƙi a wurin cin tuwo sai ta tashi ta shiga ɗaki.

Kawu ya yanke shawarar cewa ko bai iya haɗawa ba, zai tara iskar ya ajiye, kafin Allah ya kawo dabara. Ya rufe bakin tanon, ya fitar da wani tiyo daga murfin, ya haɗa shi da tib ɗin tayar babbar mota da mai faci ya ba shi. In injin yana aiki, hayaƙin ya bi ta ruwa ya shiga tib ɗin, ya kumbura, ya ɗaure ya sa wani. Injin ya fara tari, ƙarfinsa ya ragu, hayaƙinsa ya ƙara baƙi. Mai faci ya gaya masa, ya ce ai ya sani, zai gyara. Awaki suka yi ta hawa kan tib ɗin, mutane masu wucewa suna tsayawa suna latsawa suna tambaya. Abin ya dame shi. Da sanyi ya shigo, sai ya kwashe tanon da komai ya shigar cikin ɗakin injin, ya toshe ramin bangon da tsumma tunda bututun ya daina bi ta nan. Ni ban ga wannan canjin ba sai bayan abin ya faru, domin lokacin jarrabawa ne, ban cika bi ta kasuwa ba.

Ranar kasuwa ce, da hantsi. Ina cikin aji tela ya zo ya tsaya bakin taga, ba sallama, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce, "Mushe, fito, kawunka."

Abin da ya faru, kamar yadda aka gaya mini, wata dattijuwar Bafulatana ce daga wajen Tarka ta kawo gero. Ta tarar da ƙofar a saye saboda sanyi, injin yana ta aiki. Ta yi sallama ba a amsa ba. Ta lura ƙarar ba ta niƙa ba ce, injin yana juyawa ne babu hatsi a ciki. Ta tura ƙofar, ta gan shi zaune a kan buhu ya jingina da bango, kansa ya langaɓe, kamar mai gyangyaɗi. Ta kira shi, ta taɓa shi, sai ta ji kanta yana juyawa. Ba ta tsaya neman kowa ba, ta kama ƙafafunsa ta jawo shi har waje, sannan ta yi kururuwa. Mai faci ya rufe hancinsa da riga ya shiga ya kashe injin. Daga baya aka ga ɗaurin tiyon ne ya saki a bakin tanon.

A kan amalanken jaki aka kai shi gidan likita. Da na isa an sa masa iska ta hanci, idonsa a buɗe amma bai san kowa ba. Ya yi ta amai. Iya tana zaune a ƙasa bakin gadon, ba ta kuka, tana jan carbi. Sai wajen magariba ya dube ta ya tambayi wa ya bari a wurin injin. Bafulatanar kuwa ta jira a waje har aka ce mata ya farfaɗo, ta ɗauki geronta da ba a niƙa ba ta tafi. Mun yi cigiyarta a kasuwa bayan haka, aka kwatanta mana rugarsu, Iya ta aika mata da zane da goro.

Aka sallame shi, ya dawo gida, ya fara cin abinci, ya fara zuwa masallaci. Muka ce an tsallake. Sai bayan ƴan makonni wani abu ya fara bayyana. Hannunsa na dama ya soma rawa. Yakan fara magana ya tsaya a tsakiya yana neman sauran. Ranar da ya buɗe injin, da mai faci ya murɗa masa, ya juye garin wata mata a kwanon wata, ya tsaya yana kallon kwanonin bai san na wa da na wa ba. Muka kai shi Damagaram. Likitan da ya duba shi ya ce haka iskar nan take yi wani lokaci, mutum ya warke sannan abin ya dawo ta ƙwaƙwalwa. Ya ce wasu suna komawa daidai, wasu rabi, sai a yi haƙuri a gani.

Inna ta zo daga Tanut ta zauna da ƙanenta. Su biyu suka rage a ɗakinsu, ita ta goya shi yana ƙarami. Da ta ji yadda abin ya faro, ta ce in kira mata ɗiyarta. Na kira, na miƙa mata. Ba ta amsa gaisuwar ba. Ta ce, "Kin zo kin zuba wa ɗan'uwana abu a kai kin yi tafiyarki. Mutum yana zaune lafiya da sana'arsa. Wannan ne karatun?" Ban ji abin da ƙanwata ta ce ba. Inna ta miƙo mini wayar, na kara a kunne, na ji numfashinta kawai, sannan ta kashe.

Iya ba ta bi bayan Inna ba. Da suka keɓe na ji tana ce mata, "Yaya, ki bar yarinyar nan. A gabana ta hana shi. Shi dai haka Allah ya yi shi. Da ba hayaƙi ba ne, da wani abu ne." Inna ta ce ko ma mene ne, da ba a nuna masa ba da bai gani ba. Suka bar zancen a nan. Iya ta sa mai faci ya kwance tanon da tiyon, ta ba wani mai ga-ruwa tanon. Injin kuwa ya zauna a rufe, har wani mutumin Tarka ya zo ya saye shi ya ɗora a mota. Kawu ya fito ya tsaya yana kallo ana ɗaure shi da igiya, ya ce musu su kula da famfon mai, yana da hali.

Ƙanwata ta daina aiko murya. Takan rubuto mini ta tambayi jikinsa, in amsa mata, shi ke nan. Kawu yakan tambaye ni ko ta aiko, in ce tana gaishe shi, ya ce yana amsawa.

Sai da shekara ta zagayo ta sake zuwa gida. Inna ta karɓe ta kamar ba abin da ya faru, ba kuma wadda ta tada zancen. Da ta ce za ta Belbeji, Inna ta ƙulla mata kuka da daddawa ta kai wa Iya. Na tare ta a tasha. A hanya ta tambaye ni ko zai gane ta.

Ya gane ta. Yana zaune kan tabarma a zaure, ta durƙusa ta gaishe shi, kanta a ƙasa. Ya amsa, ya tambayi hanya, ya tambayi Inna. Sannan ya ce, "An ce kin daina aiko murya."

Ta ce, "Tsoro na ji, Kawu."

"Tsoron me? Kin ce kada in bar hayaƙi a ɗaki, na bari. Kunnena ne ya yi laifi, ba bakinki ba." Ya tsaya yana neman wata magana, hannunsa yana rawa a kan gwiwarsa. Muka jira. Can ya ce, "Ɗaurin ne. Da roba na ɗaure. Da na sami zoben ƙarfe na matse shi, da bai saki ba."

Na ga kamar za ta gyara masa maganar, sai ta fasa. Ta ce, "Haka ne, Kawu." Ya tambaye ta aikin, ta ba shi labari, a taƙaice wannan karon. Ya saurara, wani wurin ya bi, wani wurin na ga ya ɓace masa. Da Iya ta kawo fura ya sha, ya kwanta a nan zauren barci ya ɗauke shi.

Kafin ta koma, ita da Iya suka yi shawara, ni aka sa ni zirga-zirga zuwa Damagaram. Aka kawo ƙaramin injin niƙa mai aiki da kuran, aka jera panno na kama hasken rana a kan rufin, aka shafe bangon da farar ƙasa, aka faɗaɗa tagar. Iya ce ta karɓi aikin, da wata ƙanwarta da mijinta ya rasu. Injin yana niƙa daga hantsi zuwa la'asar, ranar da hadari ya rufe sama kuwa sai ya yi ta jan jiki, mata su yi ta jira. Bai kai tsohon ƙarfi ba, masara tana ba shi wuya. Amma matan sun ce garin ya daina warin gazuwal, kuma ba ranar da ake rufewa don babu mai.

Kawu bai so shi ba. Ya zagaya shi ranar farko, ya nemi inda ake buɗewa, aka ce masa ba a buɗewa, in ya lalace sai a kira wanda ya haɗa. Ya ce injin da ba a buɗewa ba inji ba ne. Ya ɗan zauna bakin ƙofa kwanakin farko, daga baya ya daina zuwa.

Bayan haka aka canza mini wurin aiki zuwa wani ƙauye kusa da Tanut, na bar shagon jikin zaure. Ƙanwata tana nan kan aikinta. Sun tashi daga ɗakin gwaji sun koma wani wuri kusa da masana'antar siminti, inda suke gwada abin da girma. Ta ce yanzu ana samu a tano, amma har yau man nasu ya fi na gidan mai tsada nesa ba kusa ba, kuma ba ta san ko za ta ga ranar da zai iso irin garuruwanmu ba. Takan aika wa Kawu murya ta wayar ƙanwar Iya, gaisuwa ce yawanci, da labarin ruwan sama da sanyi.

Hutun da ya wuce na je Belbeji. Ban same shi a gida ba, Iya ta ce in duba wurin mai faci, can yake wuni yanzu. Na tarar an kawo wani injin ban-ruwa daga lambu ya ƙi tashi, mai faci ya baje shi a kan buhu. Kawu yana zaune kan benci, ya rame, gemunsa ya yi fari, ya sa hannun da ke rawa a ƙarƙashin cinyarsa. Da baki yake aikin, yana cewa a kwance wancan, a busa wannan, a duba ko ruwa ya shiga mai. Wata shawarar tana kan hanya, wata kuwa ta wani injin ce dabam da ya sani a da. Mai facin yana cewa "To, Baba" ga kowacce, yana ɗaukar wadda zai ɗauka. Na gaishe su, aka matsa mini wuri a bencin, na zauna har aka kira azahar.